Lamba Tara

Ranar Talata labarin ya iso Bolari,
ba ta rediyo ba, ta wayar Manu mai shayi.
"Babayo ya sa hannu."
Ruwa ya tafasa har ya kashe garwashi,
ba wanda ya tuna da sauke tukunya.

Aka ce miliyan ashirin.
Aka ce ina, arba'in ne, da gidan sama a Ikko.
Kafin la'asar kuɗin sun haihu sun kai ɗari
a bakin Jauro mai faci,
wanda dubu hamsin ba ta taɓa kwana a aljihunsa ba.

"Butulu!" in ji Jauro.
"Ƙwallo nawa na liƙe masa ban karɓi sisi ba?
Ran da ya targaɗe a filin Pantami
babur ɗin wa ya kai shi gun mai ɗori?
Kaza ke nan, ci ki goge baki."
Ya ɓamɓare hoton daga jikin injin iska,
ya raba shi biyu.
Bayan magariba na wuce ta rumfarsa,
na tarar yana haɗa shi da gam ɗin taya,
kunnen hagu ya ɗan karkace.

Goni direba ya dire kofi.
"Wata bakwai yaran nan ba albashi.
Me muke ba shi? Tafi.
Kai, je kasuwa da tafi ka auno masara.
Gwiwar ɗan ƙwallo kamar tayar gaba ce,
ba ta sallama ran da za ta fashe.
Ku bar yaro ya ci rabonsa
tun ƙafar tana amsa kira."

Aka rabu biyu a kan benci ɗaya,
masu tsinuwa da masu fatan alheri,
duk biredi guda ake yaga.

Wani yaro mai tara ta alli a gadon baya
ya ja min hannun riga:
"Baba tela, Ikko ta fi Kumo nisa?
Zai dawo wasan Asabar?"
Na ce masa je ka, ana kiran ka a gida.

Adda Hajjo kuwa ta kafa kaskonta yadda ta saba,
awara na iyo a mai.
Masu barka suka zo, masu neman rance na biye.
Ba ta kama sunansa ba, ɗan fari ne.
Cewa kawai ta yi:
"An ce can ruwa ba ya ɗaukewa,
ga shi mai saurin mura."

Ni ban ce komai a majalisa ba.
Ni na yanka tarar nan daga ragowar farar shadda,
na ɗora ta a kan rigar gwanjo
tun yana wasa ba takalmi.
Ɗari bakwai nake bin sa tun bara.
Daren tafiya ya leƙo shago,
ya miƙo sababbin kuɗi masu ƙamshin banki.
Na ce riƙe, sai ka dawo.
Mai bashi ba ya ɓata hanya.

Asabar muka cika fili, rabi don haushi.
Minti na saba'in aka ɗago ƙwallo daga dama,
irin wadda yake tashi sama ya sa wa kai.
Duk muka miƙe, har Jauro.
Ta faɗi a kan ciyawa,
ta gangara ita kaɗai ta fita.
Muka zauna a hankali,
kowa na kallon takalminsa.

Jiya koci ya kawo min rigar a leda.
Akwai wani siririn yaro daga Kumbiya-kumbiya,
a rage masa kafaɗa.
Na rage yatsa biyu ta kowane gefe,
amma ban sa almakashi ba.
Na naɗe yadin ta ciki,
na bi shi da zare mai sauƙin warwara.