Mudun Masana

A Kolcani, bakin farin filin gishirin Bolibiya,
inda ƙasa ke ƙyalli har ido ya kawo ruwa,
nake ɗura gishiri a leda tun ban yi gemu ba.
Kilo guda, a liƙe baki da wuta, a jefa gefe.

Daren Talata 'yata Delfina ta baje littafi
kan buhun da muke cin abinci a kai.
Gobe jarrabawa. Sanyi na cizon yatsu.
Ta ce, "Baba, Malam Eusebiyo ya ce
masana ma suna da mudunsu,
sunansa mol.
Ƙwayoyin cikinsa? Rubuta shida,
ka jera mata sifili ashirin da uku,
har da 'yan kai."

Na ce, wane marar aikin yi ya zauna ya ƙirga?
Ta ce, "Ba ƙirgawa ake ba, aunawa ake."
Na yi shiru.
Shekara talatin, ni ma ban taɓa ƙirga gishiri ba.

Sodiyam ashirin da uku,
kulorin talatin da biyar da rabi,
ta haɗa, hamsin da takwas da rabi:
giram ɗin mol guda ke nan.
Ta ɗebo ta zuba a tsohon sikelina.
Duk wannan taron sifili
bai fi cikin tafin hannunta ba.

Sai tambaya ta huɗu:
mol nawa ne a ledar kilo ɗaya?
Ta ciji fensir, ta ninka dubu da lambar,
ta ɗago tana murna:
"Dubu hamsin da takwas da ɗari biyar!"

Ban san sodiyam ba, ko a hanya muka haɗu.
Amma na san tsibi, na san mudu.
Na ce, yarinya, in tsibi na gabanki
kina son sanin mudu nawa ne,
kwasa ake yi har ƙasa ta bayyana.
Tafi dubu hamsin a ledar nan?
Da tuni na sayi mota.

Ta dube ni, ta dubi ledar,
ta goge har takarda ta huje.
Ta raba.
Sha bakwai, da ɗan burbushi.

Uwarta ta miƙo ruwan zafi a kofi.
Ta kurɓa, ta ce, "Giram sha takwas,
na haɗiye mol ɗaya."
Uwar ta ce ta haɗiye sauran ta kwanta.

Da asuba bas ya tafi da ita Uyuni.
Na koma kan tsibina.
Leda ɗari uku na liƙe kafin rana ta karkata,
kowacce ina ce mata sha bakwai.
Mai saye ya zo, ya taya yadda ya saba.
Ban faɗa masa yawan abin da ya ɗauka ba,
na dai sa masa hannu ya aza a mota.