Gurbin Tsakiya

A ofishin shige da fice na Katsina,
kan benci mai ƙafa uku da bulo,
na zauna tun hantsi, fayil a cinya.

Jami'ar ta baje takarduna.
Ta haihuwa, daga Matamai: Fassouma Laouali.
Ta ɗaurin aure, daga Daura: Fatsuma Lawal.
Katin awon ciki kuwa,
wata nas ce ta liƙa mini sunan maigida
ba ta ko ɗago kai ba.
Ta ce, "Baiwar Allah, ku uku ne
ko ke kaɗai ce?"

Na ce duka ni ce.
Na farko malamin lakwal ya rubuta da bik,
na biyu magatakardan kotu da biro,
amma rago ɗaya aka yanka.

Ta ce, "Kwamfuta ba ta san 'ai duk ɗaya ne' ba.
Mafi sauƙi, ɗauki na mijinki.
Ki yi rantsuwa a kotu, ki buga a jarida,
katin zama ya fito ba gardama.
To, yaya sunansa?"

Nan bakina ya mutu.
Shekara takwas ina kwashe masa tuwo,
sunan nan bai taɓa hawa harshena ba.
In yana kusa, "Ka ji?" nake cewa,
in ya yi nisa, "Baban Walida."
Ko yaron maƙwabta da ya ci sunansa
Mai-suna nake kiransa.
Yau an ce in ɗaura shi kamar zane
in fita da shi titi,
a riƙa ƙwala mini shi a layin banki.

Na tura mata katin asibiti da ɗan yatsa.
Ta yi dariya har hularta ta karkace.

Laouali kuwa yana can bakin tasha
yana gyaran rediyon da ba mai saye yanzu.
Buhun hatsi biyu ya sayar ranar sunana.
Shi ya rako motar kayana har Kongolam,
ya tsaya daga bayan igiya,
ya ce, "Je ki, nan da can miya ɗaya ce."
Mu biyar ya haifa, duk mata.
Sunansa a bayan namu kaɗai yake yawo.

Da dare maigida ya ce,
"Ni fa ban ce ki canza ba. Takarda ce kawai."
Kawai.
Shekarar da aka rufe iyaka,
takarda ce kawai ta sa na ji rasuwar Inna a waya,
na yi zaman makoki ni ɗaya a Tudun Wada
da tabarma shimfiɗe ba mai hawa.

Na je kotu. Na rantse.
Jarida ta fito ran Laraba,
ga ni can ƙasa, faɗin kwalin ashana,
cikin mata arba'in da aka sani a da da wani suna.
Mai ƙosai ta nemi shafin, na hana.

Amma a fom ɗin akwai wani gurbi a tsakiya.
Jami'ar ta ce, "Wannan ba dole ba ne, tsallake."
Ban tsallake ba.
Na zaunar da tsohon a nan,
da o ɗinsa da u ɗinsa,
yadda ya zo daga gida.

Wata biyar katin ya fito.
Walida ta fizge, 'yar aji ɗaya mai son nuna karatu.
Ta wuce na farko, ta yi tuntuɓe a na tsakiya:
"La... o... u..."
Na ce, "Lawali. Kakanki ne. Sake faɗa."
Ta sake.
Na ce, "Ƙara."

Da ta kai na ƙarshe, ta ɗaga murya,
sai na tuna na bar wake a wuta.