Akwatin Shawara

Shekara talatin da ɗaya ina bin tambaya guda,
kamar mai bin sawun akuya a kan fa:
daga ina dabara ke zo wa mai aiki?

A Guimarães na fara,
a masana'antar takalma da ke gefen gari,
ina ɗanyar ɗaliba, da takardun tambaya ɗari huɗu a jaka.
Kowa ya cike mini. Kowa ya ce lafiya lau.
Na koma jami'a da lambobi fes,
ba ƙwayar gaskiya ko ɗaya a ciki.

Akwai akwatin shawara a bango, kore, da kwaɗo.
Ran da manaja ya buɗe mini shi
yanar gizo muka tarar, da guntun taba,
da 'yar takarda: "A gyara famfon bayi."

Sai Deolinda, mai ɗinkin fata a layi na uku,
ta ja ni da ido, ta nuna ƙarƙashin kekenta.
Tsohuwar robar taya ta ɗaure a matakin ƙafa,
zare ya daina tsinkewa.
Wata bakwai ke nan. Injiniya bai sani ba.
Na ce, me ya hana ki faɗa?
Ta ce, wa ya tambaya?

Kalma uku. Su na ci, su na sha,
su suka kai ni kujerar farfesa.
Sau biyu mujalla ta dawo mini da rubutuna,
wai mace ɗaya da roba ba hujja ba ce.
Na bi asibitoci, na bi tashar jirgin ruwa,
na zauna da masu gasa burodi kafin asuba,
ko'ina da robarsa a ɓoye,
ko'ina da mai jiran a tambaye shi.

Yau ina kwashe ofis.
Littafi biyar, ɗalibai sha tara, gwiwa mai ciwo.
Tambayar tana nan yadda na same ta,
sai dai ta yi furfura tare da ni.

Deolinda ta rasu bara, lokacin sanyi.
'Yarta ta aiko mini da robar a ambulan.
Ga ta a tafina, ta bushe, ta tsage,
har yanzu tana warin man keke.
Na rasa kwalin da zan sa ta.