Famfon Garin Malam

Kwana tara famfonmu na tari, ba ya tofi.
Rediyo ya ce ruwa ya wadata a Damagaram.

Ƙarfe uku na dare Zalika ta ɗaga waya
mai tsagaggen gilashi,
ta ɗauki jarkoki sittin a layi,
tsohuwa na gyangyaɗi kan ta bakwai.
Ta tura.

Kafin asuba ɗan jarida na neman lambarta.
Da hantsi kansilan da muka zaɓa ya zo.
Ashe ya san hanya.

Jiya wani ya turo hoton tanki, wai yana tafe.
Muka share ƙofa.
Tankin na wani gari ne, bara waccan.

Zalika na caji a shagon Tsahiru,
kuɗin jarka guda.