Awo Kafin Yanka

Shekara talatin da ɗaya ina duƙe kan keken ɗinki
a layin teloli na Kasuwar Barci,
har bayana ya ɗauki siffar lauje.
Ran da na sunkuya neman allura a ƙasa
ƙugu ya ce, tsaya nan, Tanimu,
daga yau ni ke da shagon.

Ɗan ƙanwata ya ce motsa jiki ne magani.
Ya goya ni a babur har Barnawa,
wani bene, bango guda duk madubi,
kiɗa kamar ana rushe gida.
Mai horarwar, Gambo, ƙirji kamar ƙofar gareji,
bai tambayi shekaruna ba,
bai ce ina ke ciwo ba.
Kuɗin wata ya ƙirga, sau biyu, da yawu a yatsa.
Ƙarfen da ɗan ashirin ya ajiye
shi ya miƙo mini da ɗuminsa,
ya ce, Baba, namiji ba ya raki.
Na ɗaga.
Wani abu ya ce ƙas a can ƙasa,
kamar allura ta karye cikin kaki.

Mako shida ina sallah a zaune.
Rigunan mutane na rataye, ba wuya, ba hannu.
Lantana ke sa mini takalmi,
ina kallon rufi don kada mu haɗa ido.

Sai asibiti, sashen gashin ƙashi,
wurin wata ma'aikaciya, Rifkatu.
Rabin awa ba ta taɓa ni ba, tambaya kawai:
wace ƙafa ke sanƙarewa,
da safe ya fi ko da dare,
kujerar shagona, tsawonta nawa?
Taka zuwa ƙofa. Dawo. Sunkuya. Ya isa.
Ta rubuta.
Ta shimfiɗa tabarma, ta naɗe tawul,
ta ce, ɗaga ƙugu, ƙirga biyar, ja numfashi.
Kunya ta kama ni, wannan ai wasan yara ne.
A bango na hango takardar shaidarta
da hatimi, da ranar sabuntawa.

A mako na uku na gane ta:
ita ma tela ce.
Ba ta yanka sai ta auna.

Ni yaro ba ya taɓa almakashina
sai ya shekara biyu yana guga da ɗinkin maɓalli.
In na ɓata shadda, in biya,
akwai irinta a rumfa ta gaba.
Baya fa?
A wace rumfa ake yanko yadinsa?
Ana leƙa mudun mai hatsi,
ana gwada famfon gidan mai,
amma mai ɗora ƙarfe kan ƙashin mutane
daga Kawo har Kakuri,
wa ya taɓa ce masa, ina ka koya?

Ban riƙe Gambo a zuci ba,
abinci yake nema, kamar ni.
So nake wani ya hau benen nan da biro
ya ce, nuna takardarka,
nuna katin kowane jiki da abin da ke damunsa.
A koya masa maganar da ta fi ƙarfe nauyi:
wannan ya fi ƙarfina, tafi asibiti.

Na koma shago.
Na ɗaga kujera da katako biyu,
duk awa ina miƙewa in zaga layi,
teloli na cewa na zama ɗan sintiri.

Ranar Laraba sai ga Gambo da yadi a leda,
kaftani yake so, bikin abokinsa.
Ya ce, Baba, yanka babba kawai, ina sauri.
Na ciro tef daga wuya.
Na ce, ɗaga hannu. Tsaya daidai.
Na auna kafaɗa, na rubuta.
Na sake aunawa.