Hular Aro

Ranar Talata a Grimsby
aka ce mu wanke daɓen masana'anta sau biyu,
mu ɓoye wuƙaƙen da suka dakushe.
Aka kunna hitar nan da ta mutu tun bara.
Ashe da ranta.
Baƙo take jira.

Ƙarfe goma ya shigo, mai neman kujera,
hular raga ta aro a kan sanƙonsa,
takalmin roba sabo fil, bai san ƙayar kifi ba.
'Yan jarida na biye da shi, ɗuu,
kamar ƙudaje sun ji an buɗe daddawa.

Suka bi layi suna dubawa
yadda ake taya rago ana jibi Sallah.
Suka tsallake Vasile, yana da giɓi.
Suka tsaya a kaina:
dogo, baƙi, ga tsage a kumatu.
Wannan zai fito.

Ya ce, sunanka? Na ce Nomau.
Ya ce Norman. Na ce Nomau.
Ya yi dariya, ya dafa kafaɗata
da hannu mai laushi kamar hanta,
ya ce irinmu ne ƙashin bayan ƙasar nan.
Nawa ƙashin bayan kuwa yana can yana tsine mini
saboda tsayuwar awa goma sha ɗaya.

Mai kyamara ta ce in ɗaga kifi.
A'a, ba da wannan hannun ba, da ɗayan.
Wanda ta ƙi shi ne mai yatsu huɗu.
Na biyar ɗin inji ya ci cikin azumi,
takardar diyya har yau tana barci a teburin wani.

Minti tara. Na ƙirga.
Motarsu ba ta wuce get ba aka kashe hita.
A takardar albashi an zaftare rabin awa,
wai layi ya tsaya.

Ran Juma'a ga ni a jarida, haƙora waje:
GWARAZANMU NA ƁOYE.
Ran Lahadi ga ni a wata, hoton nan dai,
an datse ɗan takara, an bar ni da kifi:
WA KE CIN RABON 'YA'YANKU?
Kifi ɗaya, miya biyu,
ban lashi ko ɗaya ba.

Doreen kuwa, da muke yanka kafaɗa da kafaɗa,
har gida suka bi ta, East Marsh.
Suka ce ta tuɓe kwat ɗin nan, ya cika kyau.
Suka kwashe madara da ƙwai daga firij
suka jere a ƙasa, don ya fito wayam.
Awa guda tana magana kan haya da kuɗin wuta.
Daƙiƙa takwas suka tsinta,
inda ta ce, da can ba haka garin nan yake ba,
suka liƙa a jikin fuskata.

Litinin da asuba, tashar bas, yayyafi.
Ba ta dube ni ba, ban dube ta ba.
Can ta miƙo murfin fulas, shayi na tururi.
Ta ce, ko mayar da ƙwan ba su yi ba, Nomau.
Biyu sun fashe.

Da daddare saƙon murya daga Dakoro.
Inna ta ga hoton, na farkon.
An wanko shi, an rataye a zaure,
duk wanda ya shigo sai an nuna masa
ɗanta da manyan Turawa ke dafawa.
A turo na kwanon rufi kafin damina.

Sau uku na saurara.
Ban gyara mata ba.

An yi zaɓe. Ban tambayi wa ya ci ba.
Hular tasa na tsinta a bayan injin ƙanƙara,
gashi biyu maƙale a ciki.
Tawa ta yage,
sai na karkaɗe ta na sa.