Baƙin Waya na Ƙasa Ne

A Dilimi, bayan layin masu tsofaffin tayoyi,
na tsayar da akori-kurar Kawu Barau.
'Yar ƙarama ce, buhu sha biyu na dankali ke sa ta nishi
in mun taso daga Bokkos da asuba.

Shekara huɗu rediyonta bai ce uffan ba.
Daga ni sai kukan giya,
sai lissafin kuɗin mai da ke zagaya kaina.
Jiya na ce ya isa. Na sayo sabo a kwali,
mai koren haske kamar idon mage da dare.

Dalyop mai wayarin ya tura kujera baya,
ya kwanta rigingine, ƙafafu a waje, kai ƙarƙashin sitiyari,
sukundireba a baki kamar asuwaki.
"Cire kan batir tukuna," in ji shi,
"wuta ba ta san gwani ba."

Noti huɗu. Uku suka bi, na huɗu ya ci tsatsa, ya ƙi.
Nanle yaronsa ya ɗiga masa man birki,
muka ci gasasshiyar masara muna jiran ya huce.

Tsohon ya fito yana jan hanjinsa.
Wani waya an naɗe shi da ledar burodi,
wani da zaren buhu.
Na gane ƙullin.
Haka Kawu ke ɗaure bakin kaya,
sau biyu, sannan ya ja da haƙori.

A ramin akwai ƙwandala guda, da busasshen ɓarin goro,
da rasit ɗin tasha wanda ruwa ya lashe.
A bakin tsohon kuwa, kaset,
maƙale tun ranar da ya yi shiru.

Dalyop ba shi da lokacin kallon fuskata.
"Ja na makulli ne.
Ruwan ɗorawa ya tafi batir kai tsaye,
shi ke riƙe tunani,
kada ka kashe mota ya manta tasharsa.
Baƙi na ƙasa ne.
Komai ƙyallinsa, in bai taɓa ƙarfen jikin mota ba,
ba zai yi magana ba."

Ramin ya fi baƙon faɗi da yatsa guda.
Nanle ya yanko dunduniyar tsohon silifa,
ya cusa ta gefe, ya zauna daram.

Na murɗa makulli.
Ƙofar hagu ta yi gyaran murya, ta dama ta yi gum.
Na kunna sigina: murya ta ɗauke, ta dawo,
ta ɗauke, ta dawo,
mai labarai ya zama mai in'ina.
Har mai shayin tsallake sai da ya riƙe ciki.
"Tsohonka," in ji Dalyop, "daga sigina ya saci wuta."
Ya yanke, ya fere, ya murɗa, ya naɗe da salatif,
sai ƙofofin biyu suka amsa tare.

Ina ƙirga masa kuɗi, Nanle ya zaƙulo kaset ɗin da tsinken keke,
ya sa biro yana mayar da zaren ciki a hankali.
A jikinsa, da ajamin Kawu mai karkata,
sunana: Sallau.
Sauran rubutun gumi ya cinye.

Sabon ba shi da bakin kaset.
Ɗan rami ne kawai, na memori, ko farce bai shiga.
An ce akwai wani a Taminus
da ke juye irinsa, dubu biyu.

Ban je ba tukuna.
Yana aljihun mota, tare da takardun lasisi.
Yau da asuba, a gangaren Mararrabar Jama'a,
ana karanto farashin taki, murya tas, ba tari,
amma duk ramin da taya ta faɗa
sai in ji ƙwas daga ciki,
kamar mai sallama da bai son ɗaga murya.
Nakan rage sauti.